Tokar da Na Shafa wa Mutumin Haladu

Ku yaran yanzu kuna ba ni dariya. Kun ji an ce Garba kafinta ya taɓa riƙe teburin wasa a Haɗeja, sai kuka ce ai abin ba wuya, mutum ya zauna yana zuba tatsuniya, jama'a suna jefa ƙwayar ludo. To madalla. Ni da na yi shekara goma sha huɗu a kai ina gaya muku feren katako ya fi shi sauƙi, don katako ba ya yi maka gardama, kuma ba ya tashi ya tafi gida da fushinka a ransa.

Aikin ya same ni ne a shago, ina cikin haɗa bencin makaranta. Wani malamin sakandare mutumin Filato, Malam Bitrus, ya shigo da takarda a hannu. Ya ce tebur yake so mai faɗi, a ja masa layuka gida-gida, sannan a sassaƙa masa ƙananan mutane goma sha biyu, kowane kada ya wuce babban yatsa. Na ce dara za a yi? Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. Ya zauna a kan bencin da ban gama ba ya yi mini bayani. Kowane ɗan wasa yana da mutuminsa, da sunansa da abin da ya iya, wani mashi, wani magani, wani asiri. Mutum ɗaya, mai tebur, shi ke faɗin ƙasar da ake ciki: ga kurmi, ga kufai, ga abokin gaba a bakin rijiya. 'Yan wasa su faɗi abin da za su yi, ƙwayar ludo ta nuna ko an dace, mai tebur ya yanke hukunci. Labari ɗaya sai ya ci wata shida ba a kai ƙarshensa ba.

Ban ɗora wuƙa a kan itace ba sai da na je wajen limamin unguwarmu, Malam Sale, don ni ba na wasa da zancen gunki. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Garba, abu uku. Kada ka yi musu fuska. Kada a ɗora ko kwabo a kan ƙwaya. Kuma ko da wasa kada in ji an ce wani ya rayar da matacce a rumfarka, wannan na Allah ne shi kaɗai. Ka saɓa ɗaya, da kaina zan zo in sa a fitar da teburin." Da na kai wa Malam Bitrus saƙon, ya ce su ma a cocinsu ba wanda zai yarda da boka mai ta da gawa, saboda haka an gama magana. Shi ya sa duk mutanen da na sassaƙa kansu sumul yake. Da hula ko rawani ko abin da ke hannunsu ake gane su.

Gidan Malam Bitrus ya yi ƙanƙanta, sai aka kafa teburin a rumfar bayan shagona, Laraba da Asabar, daga la'asar zuwa kiran magariba. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai ƙwayar ludo uku, da alli, da littafin rubutu inda ake ajiye inda kowa ya tsaya da duk hukuncin da aka taɓa yankewa. Mutanen 'yan wasa da guntayen aduwa nake yin su. Abokan gaba iri biyu ne suka fi ba mu aiki. Akwai mutanen laka, waɗanda a labarin boka ne ke gina su ya sa su gadi, su kuwa da yumɓun bakin kogi nake yin su idan ruwa ya janye. Akwai kuma fatalwa, wato gawar da boka ya ɗaura wa zare yake jan ta, ba rai ba hankali. Ita ba na yi mata sabon gini. Duk mutumin da ya faɗi a hannun boka, sai in buɗe gwangwanin madara da nake zuba toka, in shafe shi fari fat, in mayar da shi ɓangaren abokan gaba. Malam Sale ya ji bayanin zaren, ya ce wannan tatsuniya ce, bai hana ba.

Shekara uku na yi a hagun Malam Bitrus ina motsa masa abokan gaba, ba ni da bakin hukunci. Yana da wani tsohon littafi na Turanci da ya zo da shi daga Jos, amma gara ta cinye tsakiyarsa, kuma daidai wurin da ake bayanin abin da asiri ke yi wa marasa rai. Don haka ba inda za mu duba, sai dai mu yi tunani. Abin da ya koya mini shi ne, kafin ka ce asiri ya ci ko bai ci ba, ka tambayi abin da aka jefa wa: yana numfashi? Jini yana gudana a jikinsa? Yana da zuciyar da za ta ji tsoro ko ta so wani? Garin barci ta hanci yake shiga. Guba jini take bi. Mallaka da firgita zuciya suke kamawa. Wanda ba shi da ko ɗaya, ta ina za ka kama shi?

Ranar farko da ya bar mini kujera na kwafsa. Akwai wani direban tifa, Ado, mai son asiri da gajen haƙuri, shi ke riƙe da mai garin barci. Suka iso ƙofar wani kufai, mutumin laka yana gadi. Ado ya ce ya hura masa gari, ya jefa ƙwaya ta fito da kyau, ni kuma don in ga an yi murna na ce mai gadi ya ɓingire yana minshari. Aka tafa, Ado har da miƙewa yana taka rawa. Bayan an watse Malam Bitrus ya shiga gidana ya roƙi matata tukunyar ruwa, ya kawo ya dire a gabana.

"Garba, sa ta barci."

Na ce, "Malam, tukunya ce fa."

Ya ce, "To wancan mai gadin mene ne?"

Ranar Asabar sai da na tsaya a gaban mutum biyar na ce na yi kuskure, mai gadi yana nan a tsaye, a koma bakin ƙofa. Ado ya kira ni azzalumi, ya ce har alƙalin kotu ba ya janye hukunci. Kunya ta kama ni ƙwarai, amma daga ranar ban ƙara ba wa kowa abu don ya ji daɗi ba.

Adon nan dai shi ya sa na yanke hukuncin da na fi alfahari da shi. Da ya ga gari ba ya ci, sai ya koma wuta. Ya ce ya watsa wa mutumin laka wuta, ƙwaya kuma ta ba shi. Kowa ya zuba mini ido, har Malam Bitrus. Ni kuwa na tashi a kusa da masu ginin tukwane, na san abin da wuta ke yi wa yumɓu. Na ce, "Ado, sannu da aiki, ka gasa shi. Da ɗanye ne, mashi yana shigarsa. Yanzu ya yi ja ya yi tauri, mashi sai dai ya zame." Ado ya dafe kai. Sai wani ya ce to ai gasasshiyar tukunya guduma ɗaya ce. Na ce ƙwarai, in kuna da guduma. Ba su da ita, sai da suka yi sati biyu a labarin suna neman maƙeri. Da ruwa suka watsa masa tun farko da ya narke a wurin, amma ba aikina ba ne in gaya musu. Malam Bitrus ya ɗauki biro ya rubuta hukuncin a littafi da hannunsa.

Fatalwa ta fi wuyar sha'ani, don ita tana da siffar wanda ka sani. Mutane sukan manta su yi mata magana, su roƙe ta, su jefa mata mallaka don ta dawo ɓangarensu. Ba ta ji. Ba ta barci, guba ba ta cin ta, layar zana ma ba ta ɓoye ka daga gare ta, don ba da ido take nemanka ba, inda zare ya ja ta nan take zuwa. Sai dai a sare ta da ƙarfe ko a kashe bokan. Akwai ruwan waraka da mai magani ke ɗauka a gora, mai rufe raunin mai rai. Shi wannan ba wanda ya taɓa zuba wa fatalwa, don tsada gare shi a labarin, saboda haka littafinmu bai ce komai a kansa ba.

Da aka ƙirƙiro sabuwar jiha, ma'aikata suka yi ta kaura, Malam Bitrus ya koma gida. Ya bar mini akwatin kayan wasan da littafi, ya ce in riƙe da kyau. Na riƙe. Malaman makaranta suna zuwa, akawu suna zuwa, har daga Kaugama wani ma'aikacin gona yakan hau babur ya zo ranar Asabar. Amma ginshiƙan teburin wa da ƙane ne. Malam Isa malamin asibiti ne, mutum mai nauyin baki, shi ke riƙe da mai magani. Ƙanensa Haladu masunci ne, yana zuwa da ƙarnin kifi a rigarsa da dariya a bakinsa, shi ke riƙe da mai mashi. Haladu bai san ja da baya ba. Kullum shi ne a gaba, kullum wansa yana binsa da gora yana faɗa.

Shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama ita ce muguwar shekarata. Ana gab da cikar kogi muka zo ƙarshen wani labari, an ritsa boka a tsibiri. Malam Isa ya ce a jira a haɗu. Haladu ya ce, "Yaya, kai dai ka cika lissafi," ya tura mutuminsa shi kaɗai. Sau uku yana jefa ƙwaya, sau uku tana ba shi ƙasa. Ba yadda zan yi. Na ce mai mashi ya faɗi, boka ya ɗaura masa zare. Na buɗe gwangwani na shafe shi da toka a gabansa, na tsayar da shi kusa da boka. Haladu ya yi ta ƙyaƙyata dariya, ya ce, "Garba, ajiye mini shi haka, in zo in ga yadda Yaya zai yi da ni." Aka kira salla muka tashi.

Bai dawo ba. Ruwa ya shigo unguwannin gangare, amai da gudawa suka biyo baya, kwana tara tsakani Haladu ya rasu a ɗakin da wansa ke aiki. Na je jana'iza, na yi zaman makoki, ban kawo komai a raina ba. Sai bayan sadakar bakwai matata ta dawo daga gidan suna ta ce mini ana cewa a teburina aka fara kashe shi. Wai na shafa masa toka da hannuna, na kira shi gawa, ga shi kuwa. Wata biyu ba wanda ya leƙo rumfar. Masu kawo gyaran ƙofa ma suka ɗauke ƙafa, wani ya aiko a karɓar masa katakonsa ba a taɓa ba. Matata ta ce in kwashe akwatin in zuba a kogi mu huta. Na ce ban kashe kowa ba, kuma ba zan yi abin da zai nuna kamar na kashe ba.

Malam Sale ya same ni a shago wata safiya. Ya ce, "Ni ban yarda da surutun nan ba, ajali ne. Amma ba ni mutane ke kallo ba, Isa suke kallo. In ya dawo ya zauna a teburinka, magana ta mutu. In bai dawo ba, ka haƙura ka rufe, don ba zan iya tare maka gari ba." Na ce na ji. Na je gidan Malam Isa sau biyu ban iya buɗe baki na roƙe shi ba, gaisuwa kawai nake yi in fito. Rannan sai ga saƙo ta bakin Ado, wai Malam Isa ya ce a kafa tebur ranar Laraba.

Na share rumfa, na yayyafa ruwa, na shirya sabon labari a wata ƙasa daban mai duwatsu, ba kogi ba tsibiri. Mutumin Haladu kuwa na naɗe shi a ƙyalle na tura ƙasan akwati. Ado ya zo, malamai biyu suka zo, Malam Sale ya zo ya zauna a benci da carbinsa, ya ce shi kallo ya kawo shi. A bakin lungu kuma ga mutane tsaitsaye, kowa yana yi kamar wani abu ya tsayar da shi. Malam Isa ya shigo ya rame, ya yi sallama, ya dubi tebur.

"Ba nan muka tsaya ba."

Na ce, "Malam Isa, na ga kamar sabon labari zai fi."

"Garba, buɗe littafinka. Mayar da mu inda muka tsaya."

Na goge allin, na sake zana tsibiri. Na jera kowa a gidansa yadda littafi ya nuna. Da na zo kan na ƙarshe hannuna ya tsaya, shi kuwa yana kallona, sai na kwance ƙyallen na tsayar da mai mashi kusa da boka, fari fat da tokarsa.

Da jifa ya zo kansa, Malam Isa bai bi ta kan boka ba. Ya ɗauki mai maganinsa ya wuce mutanen laka biyu, suka sare shi, na faɗi raunin, bai ko ɗaga kai ba. Zagaye uku yana tafiya har ya tsaya gida ɗaya da mutumin ƙanensa. Ya ce, "Na zuba masa ruwan waraka. Duk goran." Ya jefa ƙwaya uku, biyu suka ba da shida, ɗaya biyar. A teburina ba a taɓa yin jifan da ya fi wannan ba a kan magani.

Ya ce, "Ya tashi. Garba, ka ce ya tashi."

Ado ya matso ya raɗa mini, "Ka ba shi mana, don Allah. Katako ne fa." Na saci kallon Malam Sale, ya daina jan carbi. In na ce ya tashi, na rayar da matacce a gaban liman da rabin unguwa, tebur ya fita a ranar, kuma masu cewa ina wasa da rai sun sami shaida. In na ce bai tashi ba, mutumin nan zai miƙe ya fita, kuma fitarsa ita ce rufewar. Wallahi na so in ba shi. Ban taɓa son karya doka kamar ranar ba. Amma na yi abin da aka koya mini, don shi kaɗai na iya.

Na ce, "Malam Isa, kai ne mai magani, kai za ka duba mini shi. Yana numfashi?"

Ya ce, "Ba ya yi."

"Jini yana gudana?"

"A'a."

"In ka kira shi, zai ji ka?"

Na ce, "To ruwanka ba zai dawo da shi ba."

Ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya ce, "Ko a nan ma? A can na kasa, a nan ma ba za ka bar ni ba?"

Na ce, "Zauna, ban gama hukunci ba." Ban san daga ina muryar ta zo mini ba, don ni ba sa'ansa ba ne a ilimi ko a shekaru. Ya tsaya, bai zauna ba, bai kuma fita ba. Na ce, "Ƙwayarka ta ci, kuma a teburin nan jifan da ya ci ba ya zubewa a banza. Ruwanka maganin cuta ne. Rai ba ya hannunka, ba ya hannuna. Amma zaren da boka ya ɗaura masa yake yawo da shi cuta ce, ita kuwa ruwanka ya fi ƙarfinta. Zaren ya tsinke. Ba mai sake jan sa ko'ina. Ya kwanta." Na sa yatsa na kwantar da mai mashi a kan tebur. Na jawo littafi na rubuta hukuncin a gaban kowa, yadda duk wanda ya zuba wa fatalwa ruwan waraka daga ranar abin da zai samu ke nan, ba don Isa ne kaɗai ba.

Malam Sale ya ci gaba da jan carbinsa.

Dokarmu ce wanda ya kayar da fatalwa shi ke goge mata toka kafin a mayar da ita akwati. Na miƙa wa Malam Isa buta da ƙyalle, ban tabbata zai karɓa ba. Ya ɗaga kujerarsa ya zauna. Ya ɗora ɗan katakon a tafin hannunsa, ya zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ya wanke kan, ya wanke hannun da ke riƙe da mashi, ya bi duk inda wuƙata ta yi rami yana fitar da toka da farcensa. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Yana cikin yi ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ranar ban samu na yi masa wanka ba. Ina kan wasu mutum shida."

Ya tsane shi da bakin rigarsa, ya sa a aljihun gaba, ni kuma ban ce a mayar da shi akwati ba. Ya share fuskarsa da tafin hannu, ya jawo kujera kusa da tebur yadda mutanen bakin lungu za su gan shi da kyau, ya tattara ƙwayoyin ya tura gaban Ado.

"Saura bokan," in ji shi. "Jefa."